Kalmar da Ban Faɗa wa Kwamiti Ba

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe 4:50 na yamma

Jan kati. Ni Afnan, wadda kullum malamai ke cewa in ɗaga murya ba sa jin abin da nake faɗa. Yau alƙalin wasa ya ɗaga mini jan kati a gaban kowa.

Ban yi nadama ba. Bari in fara rubuta wannan. Ban yi nadama ba.

Malamar ba da shawara ta makarantarmu ce ta ba ni littafin nan tun watan jiya, lokacin da Baba yake asibiti. Ta ce in riƙa rubuta abin da ke raina. Sai yau na buɗe shi. Da Hausa zan rubuta, ko ta ce in kawo ta gani ba abin da za ta gane.

Ƙwallon Gelik muke bugawa, wasan mutanen Ailan. Duk wanda na gaya wa a Jos sai ya ce ta ƙafa ce ko ta hannu? Duka biyun. Ki kama da hannu ki ruga, bayan taku huɗu ki buga ta a ƙasa ko a ƙafarki ta dawo. In ta bi ta saman sandar gola maki ɗaya, in ta shiga raga maki uku. Abin da ba a gaya miki sai kin shiga shi ne kowace 'yar wasa tana da tata mutuniyar. Tun kafin a hura usur za ki je ki tsaya kusa da wadda za ki tsare, ku gaisa da hannu, shi ke nan kuna manne har a tashi. Ƙwallo tana can ɗaya gefen, ku kuna nan tsaye, numfashinta a kunnenki. Ba mai jin abin da take gaya miki.

Tawa mutuniyar yau Chundung ce.

Chundung da muka yi shekara biyu a bene ɗaya a nan Wheaton, su hawa na uku mu na biyu. Ita ce ta fara yi mini Hausa a Amurka, a kan matakala. Tare muka shiga ƙungiyar. Bara suka koma Woodbridge, ta shiga ƙungiyar masu jar riga.

Saura minti goma a tashi, muna gaba da maki biyu. Sai ta cire robar bakinta, wadda dole kowa ya sa don kare haƙora, ta riƙe a hannu. Don in ji da kyau ta cire. Ta kalli wajen shinge inda Baba yake tsaye, yau ne fitarsa ta farko, ta faɗi abin da ta faɗa. Da Hausa. Sau biyu.

Ba zan rubuta shi ba.

Da ba ta cire robar ba da leɓenta bai fashe ba. Wannan ba laifina ba ne.

Mun ci da maki ɗaya duk da an kore ni. Ke nan mu ne na ɗaya a gasar, su na biyu, mu da su ne a wasan ƙarshe, ranar 31 ga wata. Bayan an tashi Umma ta zo ɗaukar mu. Umma ce ke tuƙi. Yanzu kullum Umma ce ke tuƙi.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe 8:15 na safe

Hannuna ya kumbura. Ga shaidar haƙoranta biyu a kan yatsana.

Lahadi, ƙarfe 2:30 na rana

Anti Lizzy, maman Chundung, ta kira Umma. Ɗinki uku aka yi wa Chundung a leɓe. Umma tana tuƙa tuwo ta kira ni kicin.

“Afnan, me yarinyar nan ta ce miki?”

Na ce ba komai.

“Ba komai kika fasa mata baki? Ke da ko kyankyaso kika gani sai kin kira ni?”

Sai na ce, “Umma, wa ya gaya wa Anti Lizzy inda Baba ya yi kwana shida?”

Ta ajiye muciyar. Ta leƙa falo ta ga ko Baba yana ji, ta turo ƙofa. Ita ce fa ta zaunar da ni ta ce duk wanda ya tambaya in ce hawan jini ne. Na faɗa wa malamata hawan jini. Na faɗa wa Kaka a waya hawan jini. Har a masallaci na faɗa, a masallaci!

Ta ce, “Lizzy ce ta karɓi aikina a asibiti duk kwanakin nan. Wa kike so in gaya wa? Bango?”

Na ce da bangon ta gaya wa, shi ba shi da 'ya.

Ban taɓa yi wa Umma magana haka ba. Ba ta mare ni ba. Ta ɗauki muciyarta ta ci gaba, tuwon ya yi gudaji, muka ci a haka.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe 4:10 na yamma

A makaranta na zama gwana. Abby, kyaftin ɗinmu, wadda ta fi ni aji biyu, ta kira ni teburinsu lokacin cin abinci. Ta ɗaga hannuna mai kumburi tana nuna wa mutane kamar kofi. Ta ce ashe shiru-shiruna na mugunta ne.

Sai suka fara rera wata kalma suna buga tebur suna dariya. Ban yi dariya ba. Na ce zan je banɗaki.

Ba ni na fara ba.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe 7:20 na yamma

Tirenin. An bar ni na yi gudu amma ba a sa ni a wasa ba.

Koci Kenneth ya ja ni gefe. Shi ɗan wata gunduma ce a Ailan da ake kira Kerry, shi ya sa rigarmu kore da rawaya. Kocin su Chundung, Desmond, ɗan Cork ne, maƙwabtansu, shi ya sa tasu ja. Wai tun kakanninsu ba sa ga maciji a kan ƙwallo. Sun ɗauko abinsu sun tsallako teku da shi sun zuba mana. Mu 'yan gundumar Montgomery, su 'yan Prince William, ba wanda a cikinmu ya taɓa taka Ailan, amma in Koci ya ce “mutanen can ƙetaren kogi” sai ka ga yara suna yamutsa fuska. Ni ma na yamutsa. Na iya sosai.

Ya ce dokar a fili take. Wanda ya yi duka, dakatarwar sati huɗu. Sati huɗu ya haye ranar 31. Amma akwai kwamiti, za su zauna Laraba 28 ga wata. In na faɗa musu abin da ta ce, kuma suka ga zagi ne mai muni, za su iya mayar da nawa sati biyu, ita kuma su dakatar da ita.

“Kin ga ke nan ke kina ciki, ita tana waje,” in ji shi, yana murza hannu. “Ita ce ke ci musu rabin makinsu. Ina son ganin fuskar Desmond.”

Bai tambayi hannuna ba. Bai tambayi abin da ya sa yarinyar da ba ta taɓa karɓar ko katin gargaɗi ba ta yi haka. Fuskar Desmond kawai.

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe 6:45 na safe

Na tsani jar riga. Na tsani kore ma.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe 5:00 na yamma

Takalman Baba suna bakin ƙofa ba igiya. Haka ya dawo da su daga asibiti. A ɓangaren da aka kwantar da shi ba a barin mutum da igiyar takalmi, ko bel, don kada ya cutar da kansa. Sun ba shi igiyoyin a cikin leda da zai fito, ban san inda ledar ta shiga ba, shi kuma bai nema ba. Yana tafiya yana jan ƙafa, flap flap, kamar mai silifas.

Igiyar da yake rataya katin ofis ɗinsa ma tana nan a jikin ƙusa, ba katin. Shekara uku yana shiga jirgin ƙasa na Metro zuwa ofis a unguwar Southwest da ita a wuya. Tun ranar da imel ɗin sallama daga aiki ya zo a watan Fabrairu ba wanda ya taɓa ta. Umma tana goge ƙura ta kewaye ta.

Magungunan gidan nan duka, har na ciwon kai, suna cikin jakar Umma yanzu. In kaina yana ciwo sai na jira ta dawo.

Yau da safe ina shan shayi Baba ya tsaya gaban kalanda. Ya zagaye 31 da biro. Ya ce, “Ranar nan zan sa koriyar rigata. Zan zo da littafina in ƙirga ƙwallon da kika ƙwace, kamar da.”

Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi tun dawowarsa. Umma ta kalle ni ta saman kansa. Daga baya ta ce likita ya ce yana da kyau ya sami abin da yake sa rai a kai.

To ni ce abin. An ɗora mini.

Shi ne ya kai ni wasan nan tun farko. Ya ga takarda a laburare ya ce, “Uwata, ga wasan da ba sai kin yi magana ba.” Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Uwata. Yanzu Afnan yake cewa. In ma ya kira.

Juma'a, 16 ga Mayu, ƙarfe 4:00 na yamma

Ba zan rubuta shi ba. Ba zan faɗa ba.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe 1:40 na rana

Mun je shagon kayan Afirka sayen daddawa da kuka. Wa za mu gani a wajen buhunan gari? Anti Lizzy. Daga Woodbridge take tahowa duk sati biyu, wai garin can bai kai na nan ba.

Na so in ɓuya bayan firjin kifi. Ta ce, “Afnan, ba gaisuwa?”

Na durƙusa na ce ina wuni Anti. Ta ce lafiya, ta kama hannuna ta juya shi ta duba yatsan kamar tana bakin aiki. Ta ce in riƙa sa ƙanƙara.

Sai ta ce wa Umma, “Hasiya, ni yaran nan sun ishe ni. Tawa ma ta ƙi magana. Na yi lallashi, na yi faɗa, babanta ya yi, shiru. Kuma ba yau abin ya fara ba. Tun wasansu na Afrilu ta dawo gida ta kulle ƙofa tana kuka. An gayyace ta kwana gidan ƙawarta ta ce ita da kwana gidan wani har abada. Afnan, me kuke ɓoyewa ku biyun nan?”

Na ce ban sani ba, Anti.

Na riƙe ledar daddawa har ta huje. Motar duk ta ɗauki wari, Umma ta yi ta faɗa har gida.

Lahadi, 18 ga Mayu, ƙarfe 11:00 na safe

Zan rubuta wani abu. Amma ba yana nufin ɗaya muke ba.

A watan Maris, a wajen tirenin, Abby ta zo ta zauna kusa da ni ina ɗaure takalmi. Shekara guda muna ƙungiya ɗaya ba ta taɓa kiran sunana daidai ba. Ta ce ta ji na san lamba goma sha huɗu ta jajaye. Ta ce kowa yana yi, har manya a Ailan suna yi, ka shiga kunnen mutum ka rikita shi, yana cikin wasan. Me zai ba ta haushi?

Da na ce ban sani ba da shi ke nan.

Lokacin muna shekara goma Chundung ta kwana a ɗakina. Da asuba ta tashe ni tana rawar jiki. Tare muka cire zanin gadon, muka juya katifa, na ce wa Umma ruwa na zubar. Ta sa na rantse. Na rantse.

Na gaya wa Abby. Ta yi dariya har ta kwanta a ciyawa, ta ce yaya ake cewa da yarenku? Na ce amalala.

Kalmar tana da daɗin faɗa a bakinsu, kamar waƙa. A wasan Afrilu duk 'yan bayanmu suka yi ta rera mata. Amalala, amalala. Alƙalin wasa yana murmushi, ya ɗauka kirarin ƙungiya ne. Chundung ta zubar da ƙwallo biyar a ranar. Sau ɗaya ta kalle ni. Ranar jan katin ma sun rera, tun daga farko.

Amma nawa a kanta ne. Ita kuma Baba ta taɓa. Baba bai yi mata komai ba. Shi yake saya mana askirim mu biyu bayan tirenin.

Ba ɗaya ba ne. Ba ɗaya ba ne.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe 7:30 na yamma

Koci Kenneth wawa ne. Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Umma ta zo ɗaukata tare da Baba. Koci ya leƙo ta tagar mota yana fara'a. Ya ce kwamiti sun ce tunda da wani yare aka yi maganar, suna buƙatar babba ya fassara, ba yarinya ba, kuma ba uwar wadda ake ƙara ba. Sai ya ce ai abin ya zo da sauƙi, tunda Mista Maitama, wato Baba, shi ne zai rako ni, shi sai ya fassara musu.

Baba ya ce, “Ba damuwa. Zan fassara.”

Wato in tsaya a gaban mutane in faɗi kalmar. Baba ya ji ta daga bakina. Sannan ya juya ta zuwa Turanci da nasa bakin, wata mata ta rubuta a takarda.

Koci har da buga rufin mota, wai sai mun gani.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe 6:50 na safe

Flap, flap, flap. Tun asuba yake zagaya falo.

Juma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe 5:15 na yamma

Na roƙi Umma ta canja aiki ranar Laraba ta raka ni ita. Ta ce hutunta ya ƙare tun Afrilu, kuma mutum ɗaya ce za ta iya karɓar mata, ita ma za ta kasance a wajen kwamitin tare da 'yarta.

Na ce to ta hana Baba zuwa. Ta ce, “Mutumin da ya yi wata uku bai ce zai yi komai ba, yau ya ce zai yi abu, in ce masa a'a? Da wane dalili? Faɗa mini dalilin in faɗa masa.”

Ta sani. Na ga ta sani. Kowa ya sani ba mai faɗa, sai a bar ni da shi.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe 3:00 na rana

Abby ta turo saƙo. Ta ce in ba na son faɗin ainihin abin, in faɗi wani. Wa zai ƙaryata? Ba wanda ya ji. Ta ce in ce hijabina ta zaga, ko addinina. Wai in aka ce addini ba sati huɗu ba, shekara za su ba ta, ƙila ma su kore ta gaba ɗaya. Ta sa hoton wuta guda uku.

Na karanta sau goma.

In na faɗi haka Baba zai fassara abin da ba zai taɓa shi ba. Zan buga ranar 31. Zai sa koriyar rigarsa. Chundung za ta zauna a gida ta san ba a taɓa mini uba.

Chundung ce ke gyara mini hijabin in ya zame a fili, lokacin muna riga ɗaya. Tana ajiye fil a safarta saboda ni.

Wannan da ne.

Na rubuta jimlar a takarda. Gajeriya ce. Na ninke na sa a aljihun wandon makaranta.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe 10:30 na safe

Hutu, ba makaranta. Na yi ta buga ƙwallo a bangon bayan bene har matar hawa na ɗaya ta buɗe taga. Na gwada jimlar a gaban madubi. Sau uku ta fita sumul. Na huɗu na juya wa madubin baya.

Talata, 27 ga Mayu, ƙarfe 6:00 na yamma

Baba ya goge rigarsa ta zuwa ofis da kansa. Gobe.

Laraba, 28 ga Mayu, ƙarfe 8:10 na yamma

A wani ɗakin taro na laburare aka yi. Mutum uku a tebur, ta tsakiya wata tsohuwa 'yar Ailan mai farin gashi. Koci Kenneth a gefe ɗaya, Koci Desmond a ɗaya gefen, ko kallon juna ba sa yi, kamar yara. Chundung tana kusa da Anti Lizzy. An cire ɗinkin, ya bar ɗan layi a leɓenta. Baba ya gaisa da kowa da hannu. Na ga tsohuwar ta kalli takalmansa ta ɗauke kai.

Chundung aka fara tambaya. Tsohuwar ta ce kafin abin ya faru, akwai wanda ya ce mata wani abu a fili?

Kalma ɗaya za ta faɗa, ni da Abby da rabin ƙungiyarmu mun tafi. Amma in ta faɗa sai an tambaye ta ma'anarta. A gaban mamanta, da kocinta, da mai rubutu.

Ta kalle ni. Ta ce, “Babu.”

Sai aka juyo kaina. Tsohuwar ta ce in faɗa da yarenmu yadda aka faɗa mini, mahaifina zai fassara, kada in ji tsoro. Baba ya gyara zama ya ɗora hannuwansa a tebur. Hannuna yana aljihu a kan takardar. Ta jiƙe da gumi.

Koci Kenneth yana ta ɗaga mini gira.

Na ce, “Ba ta ce komai ba. Ni na buge ta.”

Tsohuwar ta ce in ɗaga murya. Na maimaita.

Sati huɗu. Fuskar Koci ta yi ja kamar rigar Desmond. A bakin ƙofa ya ce na watsa masa ƙasa a ido, ya wuce.

Bas muka jira, ni da Baba. Ba kowa a tashar. Ina ta haɗiye kuka don haushi, ba don komai ba. Na ce, “Baba, ka yi haƙuri da ranar 31.”

Sai ya ce, “Na ji abin da ta ce.”

Na ce me?

“Taku nawa ne daga shingen zuwa inda kuke? Duk filin nan mu uku ne masu jin Hausa. Na ji na farko, na ji na biyu.”

Kwana goma sha takwas! Kwana goma sha takwas ina ɗauke da abu kamar garwashi, ashe yana aljihunsa. Na ce to me ya sa bai faɗa ba? Da ƙarfi na faɗa, har wani mai keke ya waiwayo.

Ya ce, “Ba ki tambaye ni ba. Ba mai tambayata komai a gidan nan yanzu, sai ko na sha magani.”

Na zauna a bencin tashar.

Ya ce, “Da kin faɗa da na fassara musu, kalma da kalma. Shi ya sa na goge riga. Na yi rashin lafiya, Uwata, ba hawan jini ba. Kalmar da ta zaɓa ce mummuna, amma ba za ta kashe ni ba. An gwada abin da ya fi ta.”

Uwata.

Bas ta taho. Muna hawa, yana neman katinsa, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, “Ɗaya kalmar ma na ji ta, wadda 'yan koren riga suke rerawa. Na yi ta tunani, wa ya koya wa Abby Hausa?”

Har muka sauka ban ɗago kai ba. Takardar na jefa ta a kwandon tasha.

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe 4:05 na yamma

Teburin su Abby ya cika yau, wai ba wuri. Na ci abincina a inda na saba.

Juma'a, 30 ga Mayu, ƙarfe 6:40 na safe

Ni na fara.

Asabar, 31 ga Mayu, ƙarfe 6:30 na yamma

Da safe na zare igiyoyin takalmin ƙwallona, tunda ba inda za su. Kore ne shar. Na zura su a baƙaƙen takalman Baba. Umma ta ce wannan wace irin kwalliya ce, kamar ɗan kamfen? Baba ya zauna ya ɗaure su da kansa, ya yi musu ƙulli biyu. Ya sa koriyar rigar. Littafin ya bar shi a gida.

A bayan shinge muka tsaya, daidai inda ya tsaya rannan. Abby ce ta karɓi Chundung. Suka gaisa da hannu, aka hura usur, ko minti biyar ba a yi ba na ji an fara. Abby ta ɗauko, biyu suka amsa. Amalala.

Ban shirya ba. Kawai na ji kaina a kan ƙarfen shingen.

“Abby! Rufe mana baki ki buga ƙwallo!”

Da Turanci na faɗa, don kowa ya ji. Fili ya yi tsit. Alƙalin wasa ya waiwayo, iyaye suka waiwayo, Koci Kenneth ya riƙe kai. Abby ta yi mini wani kallo da na san zan biya shi ranar Litinin. Amma ba su ƙara ba.

Sun ci mu da maki huɗu. Chundung ita kaɗai ta ci gola ɗaya da maki uku. Abby ba ta iya tsare ta ba, da ni ce da ba ta ga ragar ba, wannan kowa ya sani. Koci Desmond ya yi ta tsalle kamar an ba shi Ailan ɗin gaba ɗaya. Har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Wasana ne. Nawa ne.

Ana watsewa na ga Chundung ta nufo shinge. Ta tsaya a gabanmu. Ta sa hannu ta cire robar bakinta.

Na ji yatsuna sun dunƙule.

Ta durƙusa har gwiwarta ta taɓa ciyawa. Ta ce, “Ina wuni, Baba.”

Baba ya ce, “Lafiya lau, Chundung. Golar nan ta yi kyau. Ki gai da mamanki.”

Ni ba ta ce mini komai ba. Ni ma ban ce mata ba. Ban yafe ba, kuma ban san ko ita ta yafe ba. Ta mayar da robar bakinta ta koma wajen jajayenta.

A hanyar zuwa mota Baba ya ce ashe ina da murya, wai har masu sayar da askirim a bakin titi sun ji. Yana gabana yana tafiya. Na saurara da kyau. Takalman ba sa ƙara.